Sun Ce Za Su Ƙirƙiro Mini Muƙami, Ko In Ajiye Aikina?

Assalamu alaikum Yaya. Shekara huɗu ke nan ina aiki a wani ƙaramin kamfani. Albashin ba shi da yawa, amma bai taɓa yin latti ba. Kwanakin baya na nemi gurbin jami'ar tallace-tallace a wani kamfani da ya fi namu girma. A wajen intabiyu na yi musu bayanin yadda nake tattara bayanan abokan cinikinmu, in gano waɗanda suka daina sayen kayanmu da abin da ya kore su. Gurbin dai wata aka ba. Bayan mako biyu sai ga kiran daraktan sashen da kansa. Ya ce na burge su, ba sa so in kuɓuce musu, don haka za su ƙirƙiro mini sabon muƙami na nazarin abokan ciniki. Na tambayi albashi, ya ce kada in damu, ba za su ba ni kunya ba. Na tambayi abin da zan riƙa yi, ya ce in zo kawai mu tsara tare. Yana so in fara farkon wata mai zuwa, ni kuma ƙa'idar wurin aikina sai na ba da notis na wata guda. Ƙawata ta ce romon baka ne, in manta da su. Ni kuma nauyi nake ji in yi ta jero tambayoyi kamar ban gode ba. Yaya, in miƙa takardar ajiye aiki, ko in haƙura da su?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko ina taya ki murna, kuma da gaske nake. Kamfani ba ya sake kiran wanda ya riga ya ce wa a'a sai ya ga wani abu. Kin shiga ɗakin intabiyu neman aiki ɗaya, kin fito kin bar su suna tunanin wani aikin da ba su san suna buƙata ba. Wannan daga ƙwazonki ne, ki riƙe shi a ranki ko yaya maganar nan ta ƙare.

Amsata a taƙaice ita ce kada ki miƙa takardar ajiye aiki yanzu, kada kuma ki rufe musu ƙofa. Abin da ke hannunki a yau sha'awar mutum ɗaya ce da ya furta ta waya. Aikinki a makonnin nan shi ne ki mayar da wannan sha'awa muƙami na gaskiya, a rubuce, kafin ki taɓa aikin da ke ciyar da ke. Idan kika yi gaggawa, saki reshe kama ganye za ki yi.

Ban yarda da ƙawarki ba cewa lallai romon baka ne. Ƙirƙiro wa mutum gurbi abu ne da aka daɗe ana yi, masana kuma sun bibiye shi. Mark Granovetter, masanin zamantakewa a Amurka, ya fitar da bincikensa a 1974 kan ƙwararrun ma'aikata da manajoji a wani gari kusa da Boston. Abin da aka fi tunawa a binciken shi ne fiye da rabinsu sun sami aiki ne ta hanyar mutanen da suka sani. Amma ya kuma gano cewa kaso mai tsoka daga cikinsu suna kan ayyukan da babu wanda ya taɓa riƙewa kafin su. A 1987 kuma Anne Miner ta nuna cewa har a manyan ma'aikatu masu tsauraran ƙa'idoji ana samun muƙaman da aka gina su a kan wani mutum takamaimai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Neman ma'aikaci nagari yana cin lokaci da kuɗi, kuma sau da yawa shugaba ba ya iya siffanta abin da sashensa ya rasa sai ya ga mai iya shi zaune a gabansa.

To amma ki san yadda ake haifar muƙami a kamfani. Darakta ba ya cewa “na ƙirƙiro” shi ke nan ya tabbata, sai dai in shi ne mai kamfanin. Dole a samo kuɗin albashin a kasafin shekara, kuma kasafin nan an riga an raba shi tun kafin a san da ke. Dole wanda ke sama da daraktan ya sa hannu, masu kula da kuɗi su amince, sashen kula da ma'aikata ya ajiye muƙamin a wani mataki na albashi, a kuma faɗi wanda za ki riƙa kai wa rahoto. Gurbin da kika nema da farko ya riga ya bi duk waɗannan matakai kafin a tallata shi. Wannan sabon kuwa wataƙila bai bi ko ɗaya ba. Shi ya sa nake zaton amsar da ya ba ki kan albashi ba rowa ba ce. Mai yiwuwa shi kansa bai sani ba, don ba a amince masa da komai ba tukuna. Mutum zai iya zama mai gaskiya ɗari bisa ɗari a niyyarsa, ya kai takarda sama a dawo masa da ita an ce a jira kasafin baɗi. A lokacin shi zai ji kunya ya ba ki haƙuri, ke kuma kina gida babu albashi.

Don haka tambayar farko da za ki yi masa mai sauƙi ce: “Ranka ya daɗe, an riga an amince da muƙamin da kasafinsa, ko ana kan nema?” Duk amsar da ya bayar tana da amfani. In ya ce an amince, fitar da takarda ba za ta ɗauki lokaci ba. In ya ce ana kan nema, kin san farkon wata mai zuwa buri ne, kuma za ki iya taimaka masa ya samu amincewar, kamar yadda zan faɗa miki.

Akwai abin da na fi so ki zauna ki yi tunani a kansa fiye da komai: muƙamin nan a kan buƙata za a gina shi, ko a kan ke? Misalai biyu za su fayyace miki bambancin. A 1994 wasu masu kutse daga Rasha suka shiga tsarin tura kuɗi na bankin Citibank. A 1995 kamfanin ya ɗauko Steve Katz ya ba shi muƙamin babban jami'in tsaron bayanai, kuma shi ake ɗauka a matsayin mutum na farko da ya riƙe irin wannan muƙami. Buƙatar a fili take, kowa a bankin ya san dalilin zuwansa, kuma yau da wuya ki sami babban banki da ba shi da wannan kujera. A ɗaya ɓangaren, a 2005 Google ya ɗauki Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara ƙa'idojin da intanet ke tafiya a kai, ya ba shi muƙamin mataimakin shugaba mai yaɗa manufar intanet. Wannan kujera ce da aka sassaƙa daidai da mutumin. Ta yi masa kyau domin sunansa kaɗai ya isa ya kare ta. Ke da ni da yawancin ma'aikata ba mu da irin wannan suna. Abin da zai kare kujerarki ranar da ciniki ya ja baya shi ne a ce akwai matsalar da kamfanin ke asara a kanta, ke ce kuma mai magance ta.

Abin farin ciki, naki ya fi kama da na farko. Abokan ciniki suna guduwa, kamfanin bai san dalili ba, ke kin iya ganowa. Wannan buƙata ce da ake iya aunawa. Sai dai ki tabbatar su ma haka suke gani. Ki tambaye shi: in ban zo ba, wa zai yi wannan aiki, kuma me kamfanin ke rasawa yanzu saboda ba a yin sa? In ya iya ba ki amsa da misali, ya ce ga reshe kaza da cinikinsa ya faɗi ba mu san dalili ba, to akwai aiki a ƙasa. In duk amsarsa ta tsaya a “ai mutum irinki ba a barin sa ya tafi”, yabo ne mai daɗi, amma yabo ba ya shiga kasafin kuɗi.

Sai maganar “ki zo mu tsara tare”. Na san yadda take faranta rai, domin kamar an ba ki 'yanci ne. Tana da haɗarin da sai an shiga ake gani. Muƙamin da ba a shata masa iyaka ba, duk aikin da ba mai so sai ya gangaro kansa. Yau a ce ki shirya wa darakta takardun taro, gobe ki amsa ƙorafin da ya gagari kowa, jibi ki riƙe wa wadda ta tafi hutu. Ba za ki iya cewa wannan ba aikina ba ne, domin babu takardar da ta faɗi aikinki. Ranar da aka zo duba ƙwazon ma'aikata a ƙarshen shekara, kowa yana da ma'aunin da za a gwada shi da shi, mai talla da yawan cinikinsa, akanta da littattafansa. Ke kin gaji fiye da kowa, amma babu abu ɗaya da za ki nuna ki ce ga abin da na kawo. Irin wannan ma'aikaci shi ake fara kallo idan an zo rage mutane, ba don bai yi aiki ba, sai don babu wanda zai iya faɗin aikin nasa a jimla ɗaya.

Akwai kuma mutanen da za ki tarar. Sabon muƙami ba ya faɗowa a fili fetal. Kusan kullum ana yanko shi ne daga ayyukan wasu. Bayanan abokan cinikin nan da za ki yi nazari, yanzu haka suna hannun wani, ko dai masu talla, ko masu lissafi, ko masu kula da kwamfutocin kamfanin. Kuma abin da nazarinki zai fito da shi ba kowa zai yi wa daɗi ba. In kika gano cewa mutane suna guduwa ne saboda ana jinkirin kai musu kaya, kin taɓa shugaban wani sashe. In kika gano cewa masu talla suna yin alkawarin da ba a cikawa, kin taɓa wadda aka ba gurbin da kika nema, ga shi kuma ta san ke ce kuka yi takara. Denise Rousseau ta Jami'ar Carnegie Mellon, wadda ta yi shekaru tana nazarin irin yarjejeniyar musamman da ma'aikaci ke ƙullawa da shugabansa, ta nuna cewa ɗorewar irin wannan yarjejeniya tana da alaƙa da yadda abokan aiki suka kalle ta: sun ga adalci ne da amfanin kowa, ko sun ga 'yar lelen shugaba. Shi ya sa nake so kafin ki amsa ki roƙi a haɗa ki da mutum biyu ko uku da za ki yi aiki da su kullum. Ki lura ko sun ma san da maganar. In suka tarbe ki da “ai mun daɗe muna neman mai yi mana wannan”, hankalinki ya kwanta. In kika ga suna kallon juna, to daraktan bai gama aikinsa na cikin gida ba, kuma gara ya gama shi kafin ki zo, kada a bar ki ke kaɗai ki yi ta bayanin dalilin zuwanki.

Ga abin da za ki yi a aikace, kuma shi ne zai raba ki da jin nauyin da kike faɗa. Tun da ya ce ku tsara tare, ki karɓi tayin tun yanzu, kina kan aikinki. Ki zauna ki rubuta shafi ɗaya, kada ya wuce haka. Ki fara da matsalar da muƙamin zai magance, da kalmomin da shi daraktan ya yi amfani da su. Ki kawo manyan ayyuka uku ko huɗu da za ki riƙa yi, ki kuma faɗi a fili abin da ba ya cikin aikin, misali ba ke za ki riƙa fita talla ba. Ki rubuta abin da za a gani a hannu bayan wata uku da bayan wata shida: rahoton farko kan waɗanda suka daina saye, tsarin bibiyarsu, da adadin da ake fatan dawowa da su. Ki ambaci abin da kike buƙata don aikin ya yiwu, musamman izinin shiga rumbun bayanan kamfanin da manhajar da za ki yi aiki da ita, domin mai nazari da ba a ba shi bayanai ba zaman banza zai yi. Ki rufe da sunan muƙamin da wanda za ki riƙa kai wa rahoto.

Sai ki tura masa ta imel da 'yan kalmomi kamar haka: “Ranka ya daɗe, na gode ƙwarai da wannan karamci, kuma ina da sha'awar aikin sosai. Na rubuta yadda na fahimci muƙamin don mu tabbatar fahimtarmu ɗaya. Ina roƙon a gyara inda na kauce. Da zarar na sami takardar ɗaukar aiki zan ba da notis a inda nake, wanda wata guda ne.” Ki duba da kyau, babu rashin godiya ko ɗaya a ciki. Hasali ma kin sauƙaƙa masa, domin wannan shafin shi zai ɗauka ya kai wa na sama da shi ya nemi amincewa. Kin kuma sake nuna masa halin da ya burge shi tun farko, na mai bin diddigin abu. Shugaban da ya san aikinsa zai ƙara ganin ƙimarki. Wanda tambayoyi masu ladabi irin waɗannan suka ɓata wa rai kuwa, ya nuna miki tun da wuri yadda zama da shi zai kasance.

Ƙanwata, wannan jin nauyin ina so ki duba shi da kyau, domin shi ne ya fi cutar da mutane a irin wannan hali. Idan aka ce an ƙirƙiro maka abu, sai ka ji kamar kyauta aka yi maka, mai karɓar kyauta kuwa ba ya ciniki. Ba kyauta ba ce. Kamfani ya hango riba a tare da ke, shi ya sa ya kira. Za ki ba su lokacinki da basirarki, su ba ki albashi. Godiya tana da wurinta, ki yi ta da zuciya ɗaya, amma kada ta hana ki tambayar abin da kowane ma'aikaci ke da haƙƙin sani.

Kan albashi, sabon muƙami yana da wata matsala tasa: babu wanda ya riƙe shi a baya, don haka babu adadin da za a kwatanta. Abin da ya fi sauƙi ga kamfani shi ne ya tambayi abin da kike karɓa yanzu ya ɗora ɗan wani abu a kai. Ke da bakinki kin ce albashinki na yanzu ba shi da yawa, to kada ki bari ya zama ma'auni. Kina da ma'auni biyu da suka fi shi. Na farko albashin gurbin da kika nema, tun da sun riga sun ware masa kuɗi, kuma sun ga kin kai a yi maganarki a wannan matakin. Na biyu abin da ake biyan masu nazarin bayanai a kamfanoni masu irin girmansu, wanda za ki iya bincikawa a tallace-tallacen aiki da wajen masu yin sana'ar. Ki tambayi matakin da za a ajiye muƙamin a tsarin albashinsu, domin matakin ne ke yanke alawus da ƙarin girma nan gaba. Muƙamin da ke rataye shi kaɗai, ba ya cikin kowane tsani, mai shi kan yi shekaru a wuri ɗaya don babu wanda ya san kujerar da ke gaba da tasa. Sunan muƙamin ma ki kula da shi. Ki zaɓi sunan da wani kamfani zai gane in ya gani a takardunki bayan shekara biyar, ko da bai kai wani ƙaƙale ba.

In suka ce ki fara da ɗan kaɗan a ga kamun ludayinki sannan a gyara, ba lallai ki ƙi ba, amma a rubuta ranar da za a sake zama, da abin da za a duba, da adadin da za a koma in kin cika. Haka lokacin gwaji: wata nawa ne, kuma notis na kwana nawa za a ba ki in ba a gamsu ba? Ki tabbatar ko aikin na dindindin ne ko kwantiragi mai wa'adi, domin kamfanoni da yawa suna gwada sabon muƙami da kwantiragin shekara ɗaya, kuma ba laifi ba ne muddin kin sani kin kuma yarda. Dokokin ƙwadago sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai ki duba ta inda kike. Don dai ki ga cewa abin da kike nema ba ƙari ba ne: dokar da Tarayyar Turai ta zartar a 2019 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci muhimman sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin kwana bakwai da fara aiki, ta kuma taƙaita lokacin gwaji zuwa wata shida in ban da wasu keɓantattun halaye. Abin da wasu ƙasashe suka mayar doka, ba zai zama rashin kunya ba don kin roƙe shi da ladabi.

Akwai tambayar da ba a son yi, amma ki yi wa kanki ita: in daraktan nan ya bar kamfanin bayan wata shida, wa zai tsaya wa kujerarki? Shugabanni suna canjawa, kamfanoni suna canja hannu. Lokacin da Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022, cikin makonni kaɗan aka sallami kusan rabin ma'aikatan. Wannan babban misali ne, amma ƙaramin irinsa yana faruwa kullum: sabon shugaba ya zo, ya duba jerin ma'aikata, ya tsaya a kan muƙamin da bai gane ba. Kariyarki ita ce muƙamin ya kasance a tsarin kamfanin a hukumance, sama da mutum ɗaya ya san amfaninsa, kuma sakamakon aikinki ya riƙa isa ga waɗanda ke sama da daraktan. Za ki iya tambaya cikin hikima, ki ce in buƙatar wannan aiki ta canja nan gaba, akwai damar komawa wani gurbi a sashen? Amsar za ta nuna miki ko ke suke so su riƙe, ko gwaji kawai suke yi.

Ita kanta takardar ba ta kawar da haɗari gaba ɗaya. A watan Yunin 2022 Coinbase, kamfanin hada-hadar kuɗin kirifto na Amurka, ya janye tayin aiki daga mutanen da suka riga suka amsa, da kasuwa ta juya masa baya. Don haka ko takarda ta zo, ki duba ajiyarki: in abin ya watse, wata nawa za ki iya riƙe kanki da waɗanda ke ƙarƙashinki? In amsar ita ce ko wata ɗaya ba za ki iya ba, ki ƙara tsanantawa wajen sharuɗɗan sallama kafin ki sa hannu.

Abu biyu kuma a gurguje. Ki nemi sanin dalilin da ya sa ba a ba ki gurbin farko ba. Wataƙila waccan ta fi ki gogewa a talla ne kawai, wataƙila kuma akwai wani rauni da suka gani wanda zai biyo ki sabon muƙamin, gara ki san shi. Na biyu, ki sa maganar ta bi ta ofis. Ban zargi daraktan da komai ba, kiran da ya yi abu ne da shugabanni ke yi. Amma tayin aiki na gaskiya yana ratsawa ta sashen kula da ma'aikata, da imel ɗin kamfani, a lokacin aiki. In kika ga maganar ta maƙale a wayarsa shi kaɗai, ko ana neman ku haɗu a wajen ofis, ko aka ce ki biya wani kuɗi, ki ja da baya ba tare da dogon bayani ba.

Ki kuma kiyaye amanar inda kike. Abin da ya burge su hanyar aikinki ce, wannan kuwa taki ce, kina iya tafiya da ita ko'ina. Sunayen abokan cinikin kamfaninku da lambobinsu da alƙaluman cinikinsu ba naki ba ne. Kada ki kwafe su, kada ki nuna su ko da a matsayin misali, ko da an roƙe ki. Ki sake karanta takardar aikinki ta yanzu ki ga ko akwai sharaɗin da ya hana ki koma wa kamfanin da kuke gogayya da shi, ko ya hana ki yin wani aiki a gefe, tun kafin wani ya kawo shawarar ki fara yi musu ɗan aiki kina nan.

Batun farkon wata mai zuwa kuwa, kada ya tayar miki da hankali. Muƙamin da babu shi jiya ba zai lalace don ya jira wata guda ba, babu aikin da ya tsaya saboda kujerar ba kowa. Lissafinki ya fara daga ranar da takarda mai sa hannu ta shigo hannunki, ɗauke da sunan muƙami, albashi, ranar farawa, lokacin gwaji da wanda za ki yi aiki a ƙarƙashinsa. Washegari ki ba da notis, ki cika watanki cif, ki miƙa aiki yadda ya kamata. Mutanen da suka biya ki shekara huɗu ba latti sun cancanci haka, kuma su za a tambaya game da ke nan gaba.

In mako biyu ko uku suka wuce bayan kin tura shafin nan ba ki ji komai ba, ki tuntuɓe shi sau ɗaya. In har yanzu “kada ki damu” ce amsar, ki ce masa kina nan da sha'awarki, duk ranar da aka amince da muƙamin ya neme ki, sannan ki ci gaba da aikinki ba tare da kin sanar da kowa a ofis ba. Shi kuma shafin da kika rubuta kada ki yar da shi. Kin riga kin siffanta aikin da kika iya, kin kuma ga cewa akwai masu son sa. Ki gyara shi ki kai wa shugabanki na yanzu, ki nemi a mayar da wannan nazari aikinki a hukumance da albashin da ya dace da shi, ko ki nemi guraben masu nazarin bayanai kai tsaye a wasu kamfanonin. Allah Ya zaɓa miki mafi alheri, ki kuma rubuto mini in ji yadda kuka ƙare da daraktan.